Ƙafa Ta Gyaru, Ina Hankalin Baba? Lacca a Kan Allurar Barci da Ƙwaƙwalwar Tsofaffi Bayan Tiyata

 

 Sana'ata ita ce sa mutane barci a ɗakin tiyata, in tsare numfashinsu da jininsu har su farka. Allurar barci kayan aikina ce, kullum kuma ina ganin alherinta. Amma yau illarta na zo faɗa, musamman ga iyayenmu da kakanninmu, domin ta taɓa cutar da wani dattijo ta hannuna, kuma har yau abin bai bar zuciyata ba.

Ina ƙaramin likita a lokacin, a wani asibiti da ba sai na kira suna ba. Aka kawo mana wani dattijo ɗan kasuwar hatsi, shekarunsa sun doshi tamanin. Santsi ya kwashe shi a makewayi da asuba, ya karye a ƙugu. 'Ya'yansa suka ce bai taɓa riƙe littafin bashi ba. Wanda ya ɗauki tiya uku ta gero tun kaka, da wanda ya ba da rabin kuɗi ya ce sai kasuwa ta gaba, duk suna cikin kansa. Ranar da na je duba shi kafin aiki, shi ya riƙa yi mini tambayoyi: ɗan wane gari ne ni, nawa buhun masara a wajenmu. Aka yi aiki aka gama lafiya, ya farka ya gane kowa, ya sha ruwan shayi.

A dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, nas ta aiko a kira ni. Na tarar ya fizge robar ƙarin ruwa, jini na bin hannunsa, yana ta kiciniyar saukowa daga gado da ƙafar da aka yi wa aiki. Cewa yake jakuna sun shiga rumbu, a sake shi ya je ya kore su. 'Yarsa ta rungume shi tana kuka: "Baba, asibiti muke. Baba, ni ce." Sauran marasa lafiya duk sun tashi zaune, ga wasu mutum biyu suna jira na a sashen gaggawa. Ban ɗaga bargonsa ba, ban taɓa cikinsa ba. Na zaro biro na rubuta allurar dayazifam, wadda aka fi sani da Valium, miligiram 10. Kafin minti goma ɗaki ya yi tsit, 'yarsa har godiya ta yi mini.

Da gari ya waye, wata babbar nas da ta daɗe a aikin ta juya shi za ta gyara masa shimfiɗa. Sai ta ga robar fitsarinsa ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya, ledar ba ko ɗigo, mararsa ta kumbura ta yi tauri. Tana miƙe robar, fitsari ya kwararo fiye da lita guda. Ashe jakunan da Baba ke kora ke nan. Fitsari ne ya matse shi, ƙwaƙwalwarsa kuma a daren ta kasa haɗa kalmar da zai faɗa mana. Robar an warware ta cikin daƙiƙa, allurar da na rubuta kuwa ta riga ta shiga jini. Kwana huɗu yana gyangyaɗi. Aka ɗura masa kunu ya ƙware, ya sauka huhu, zazzaɓi ya biyo baya. Mutumin da ya kamata ya fara taka ƙafarsa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai da ya yi mako uku a kwance. Ranar sallama 'yarsa ta tare ni a baranda, cikin ladabi, ba faɗa, ta ce: "Likita, ƙafa kam ta gyaru, mun gode. Amma wannan ba Baban da muka kawo ba ne."

Jama'a, abin da ya sami dattijon nan yana da suna a likitance, diliriyam. Ni dai ruɗewa zan kira shi. Ya sha bamban da magagin da kowa ke yi idan yana farfaɗowa daga allurar tiyata, wanda ke wucewa cikin awa ɗaya ko biyu. Ya kuma sha bamban da gigin tsufa, mai shigowa a hankali cikin watanni da shekaru. Ruɗewa farat ɗaya take zuwa, galibi a kwana ukun farko bayan aiki, kuma ba ta tsayawa wuri guda: da hantsi ka gan shi garau yana amsa gaisuwa, bayan magariba ya juye. Babbar alamarta ita ce hankali ya ƙi tsayawa. Kana yi masa magana idonsa na kanka, kafin ka kai aya ya saki zaren.

Iri biyu ce, kuma wadda ta fi kisa ita ce wadda ba ta damun kowa. Mai fizge-fizge da sambatu, shi ake kira wa likita. Ɗayan kuwa yana kwance shiru, ido rabi a rufe, ba ya neman ruwa, ba ya ƙorafi. Masu jinya su ce, "Alhamdulillahi, Hajiya ta samu barci." Mu ma mu wuce gadonta a zagayen safe mu rubuta cewa jiki da sauƙi. Alhali ƙwaƙwalwarta ce ke gazawa, kamar yadda ƙoda ko zuciya kan gaza. Abin da na yi wa ɗan kasuwar nan shi ne na ɗauke shi daga nau'in farko na jefa shi cikin na biyu, na tafi ina ganin na yi magani.

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun 1955 wani likitan tsofaffi a Oksfod ta Ingila, P. D. Bedford, ya rubuta a mujallar Lancet cewa iyalai suna yawan kawo masa kukan tsohonsu ya canza tun da aka yi masa aiki. An daɗe ana ɗaukar batun a matsayin zancen dangi. Sai a 1998 wani babban bincike da likitocin Denmak suka jagoranta ya auna abin da ma'auni. Sun gwada tunani da riƙon mutum 1,218 masu shekara 60 zuwa sama, kafin babbar tiyata da bayanta. Bayan mako guda, kusan kashi 26 cikin 100 sun ja baya. Bayan wata uku, kusan kashi 10 ba su dawo daidai ba. A tsaransu da ba a yi wa aiki ba kuwa, wajen kashi 3 ne kacal. Wani binciken na 2012 a Amurka ya bi mutum 225 da aka yi wa aikin zuciya: kashi 46 sun ruɗe, kuma bayan wata shida, kashi 40 na waɗanda suka ruɗe ba su koma yadda suke ba, alhali a cikin waɗanda ba su ruɗe ba kashi 24 ne. Saboda haka duk wanda ya ce muku ruɗewa wucewa take ba ta barin tabo, bai faɗi gaskiya duka ba.

To me ya sa allurar da saurayi zai sha ya tashi da safe ya hau babur, ita ce ke kwantar da kakansa kwana huɗu? Bari in ɗan tsaya a nan, domin wanda ya gane wannan ya gane rabin laccar.

Idan mutum ya manyanta, ruwan jikinsa da tsokarsa suna raguwa, kason kitse yana ƙaruwa, ko da a ido ka gan shi siriri. Dayazifam kuwa magani ne mai son kitse. Yana shiga ya ɓuya a ciki, ya riƙa tsattsafowa cikin jini kaɗan-kaɗan, kamar randar da aka taɓa jiƙa maɗaci a cikinta, ko an zubar an sake ruwa ɗacin na nan. Hanta, wadda ke da alhakin narkar da shi, ta rage hanzari. A 1975 Ulrich Klotz da abokan aikinsa sun auna tsawon lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya fitar da rabin dayazifam. Ga ɗan shekara 20, wajen awa 20 ne. Ga ɗan shekara 80, wajen awa 90. Ku lissafa tare da ni. In an yi wa tsoho allurar nan ƙarfe goma na daren Litinin, sai la'asar ɗin Juma'a rabinta zai fita. Ba a nan ta tsaya ba, domin abin da hanta ke mayar da shi, shi ma mai sa barci ne, kuma ya fi shi daɗewa. In aka ƙara wata allurar daren Talata saboda ya sake tashi, an ɗora bashi a kan bashi.

Ita ma ƙwaƙwalwar ta canza. Wannan dangin magani, da ake kira benzodayazifin, aikinsu ƙarfafa birkin ƙwaƙwalwa ne, ta hanyar wani sinadari mai suna GABA. Ƙwaƙwalwar tsoho ta fi jin birkin nan, ko da adadin maganin a jini daidai yake da na yaro. Suna kuma hana sabon abu zama a kai, shi ya sa kake gaya masa asibiti yake, bayan minti biyar ya sake tambaya. Barcin da suke sawa ma ba cikakke ba ne, suna rage wa mutum barcin nan mai nauyi da jiki ke hutawa a cikinsa. Ya kwana ido rufe, ya tashi a gajiye.

Ba Valium kaɗai ba ne. Piriton da muke sha don mura da ƙaiƙayi, da Phenergan da ake yi don amai, suna toshe wani sinadarin, asetilkolin, wanda da shi ƙwaƙwalwa ke mai da hankali da riƙe abu, ga shi dama yana ƙaranci da tsufa. Suna kuma riƙe fitsari, su busar da baki, su ɗaure ciki. Akwai fetidin, allurar ciwo wadda dattinta ke taruwa in ƙoda ta yi rauni. Akwai fentazosin, da ake yawan yi a asibitocinmu bayan tiyata, wadda takan sa tsoho gane-gane. Tun 1991 wani likita Ba'amurke, Mark Beers, ya tsara jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su ga tsofaffi. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka tana sabunta jerin, ta yi hakan a 2023, kuma dangin Valium da dangin Piriton da fetidin suna ciki. A 1994 Edward Marcantonio da abokansa a Bostan sun gano cewa marasa lafiyar da aka ba dangin Valium ko fetidin bayan aiki sun fi sauran ruɗewa kusan ninki uku. Abin da ya fi tayar mini da hankali a ɗakunanmu shi ne tarawa. Likitan tiyata ya rubuta nasa, likitan dare ya ƙara nasa, wani ɗa ya kawo na kemis a aljihu don Baba ya samu barci. Kowane ɗaya ƙarami ne, amma duk a kai guda suke sauka.

Dole in taɓo ketamin, domin a asibitocin karkara da yawa da shi ake aiki. Ba zan zage shi ba. Yana da araha, ba ya faɗar da jini, ba ya yawan tsayar da numfashi, kuma ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu a wuraren da babu injin numfashi. Sai dai yana kawo munanan mafarkai, shi ya sa aka saba haɗa shi da dayazifam. An taɓa sa rai ƙaramin ketamin zai kare tsofaffi daga ruɗewa. Gwajin da aka buga a Lancet a 2017, a kan mutum 672 masu shekara 60 zuwa sama, ya nuna bai rage ta ba, sai ma ƙarin gane-gane da mafarkai. Roƙona ga abokan aikinmu na karkara shi ne, in majinyacin tsoho ne, a rage awo sosai, a bi a hankali, kuma in akwai midazolam, wanda ke saurin barin jiki, a fifita shi a kan dayazifam.

Yanzu kuma bari in yi adalci, domin ba na so wani ya fita daga zauren nan ya hana a yi wa mahaifiyarsa aikin yanar ido ko ƙaba ko karaya saboda tsoron allura. Mu masu sa barci mun daɗe muna zaton in aka yi allurar baya, wadda ke kashe rabin jiki mutum na farke, an tsira. A 2021 aka buga gwajin mutum 1,600 masu karayar ƙugu a Amurka da Kanada. Waɗanda aka yi wa allurar baya, kashi 20.5 suka ruɗe. Waɗanda aka sa cikakken barci, kashi 19.7. Kusan kunnen doki. Frederick Sieber ya nuna a 2010, a kan mutum 114, cewa in an yi allurar baya aka bar tsoho a barci mara nauyi, ruɗewa kashi 19 ce, in aka nitsar da shi kuwa kashi 40. Da ya maimaita da mutum 200 a 2018, tazarar ta tsuke ƙwarai. Haka ma a 2025 wani gwaji a kan kusan mutum 20,000 masu aikin zuciya ya nuna cewa taƙaita dangin midazolam a cikin ɗakin tiyata bai kawo wani babban sauyi ba.

Akwai kuma sabon maganin da aka yi ta yayatawa, deksmedetomidin, wanda barcinsa ya fi kama da na Allah da Annabi. A 2016 likitocin Bejin ta ƙasar Sin sun ɗiga wa tsofaffi ɗan kaɗan da dare bayan aiki, a gwajin mutum 700, ruɗewa ta sauko daga kashi 23 zuwa 9. Muka yi murna. Gwaje-gwajen Amurka na 2017 da 2020 ba su ga wannan amfanin ba. Ga shi yana rage bugun zuciya da ƙarfin jini, sai da na'urar sa ido, ga tsada.

Ga yadda ni na fahimci waɗannan sakamako. Awa biyun da mutum ke yi a ɗakin tiyata, likita na tsaye a kansa, na'ura na ƙirga numfashinsa, ba su ne mafi haɗari ba. Yankan kansa yana tayar da kumburi a jiki wanda ke kaiwa ga ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwar da ta zo da rauni ita ta fi saurin faɗuwa. Haɗarin da ke hannunmu yana ɗakin kwanciya, a darare ukun farko. Babban binciken tiyata na Afirka da aka buga a 2018, wanda ya bi mutum 11,422 a ƙasashe 25 har da Najeriya, ya gano cewa majinyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya, amma sun ninka su mutuwa bayan aiki, kuma sama da kashi 90 na mace-macen bayan ranar tiyata suka auku. Wato a gado, inda nas ɗaya ke riƙe da ɗaki guda cikin dare. A irin wannan wuri allurar barci takan zama madadin hannun da babu. Na san wannan matsin, na ɗanɗana shi, ba na zargin kowace nas. Amma shirun da ake samu, daga ƙwaƙwalwar tsohon ake ciro shi.

Kada kuma a ɗauka cewa hana magani shi ne mafita. Ciwo ma yana ruɗar da tsoho, kuma an gani a masu karayar ƙugu cewa waɗanda aka ƙyale da azaba sun fi ruɗewa. Iyayenmu kuwa akwai dauriya da kunya. Ka tambayi dattijuwa ina ciwo, ta ce da sauƙi, goshinta na tsattsafar da gumi. Abin da ake so shi ne a kashe ciwo ba tare da an kashe hankali ba: farasitamol a kan lokaci ba sai an roƙa ba, allurar kashe jijiyar wurin da aka yanka in akwai wanda ya iya, sannan ƙaramin mofin a bi shi sannu a hankali.

To me ke aiki? Amsar da ta fi ƙarfi ba daga kantin magani ta fito ba. Sharon Inouye, likitar tsofaffi, ta buga wani gwaji a 1999 daga asibitin jami'ar Yel, a kan mutum 852 masu shekara 70 zuwa sama. Abin da suka yi shi ne tunatar da majinyaci rana da wuri, sa masa tabarau da na'urar ji, ba shi ruwa, tayar da shi ya taka, da samar masa barci ta hanyar abin sha mai ɗumi da tausar baya da rage hayaniya maimakon ƙwaya. Ruɗewa ta sauko daga kashi 15 zuwa kashi 9.9. A 2001 Marcantonio ya gwada irin wannan kulawa ga masu karayar ƙugu, ta sauko daga kashi 50 zuwa 32.

Da na fara karanta aikin Inouye, abin da ya tsaya mini shi ne sai da suka nemo 'yan sa-kai suka horar da su don su zauna kusa da tsofaffin. Mu kuwa kowane gado da mai jinyarsa, wata ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, wani yana kwana a baranda. Likitocin tsofaffi sun yi mana ƙaranci, cibiyarsu ta farko a ƙasar nan sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan. Amma arzikin masu jinya muna da shi, sai dai mun mayar da su 'yan aiken sayen magani da zubar da fo, ba mu koya musu komai ba.

Saboda haka 'yan'uwana masu jinya, da ku nake yanzu. Kafin a shiga da Baba ko Inna, ku kwaso duk abin da suke sha a gida ku zube wa likita a tebur, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Tsofaffi da yawa sun shekara suna haɗiyar ƙwayar barci ba wanda ya sani. Irin wannan ba a yanke masa ita rana ɗaya, domin yankewar kanta tana kawo ruɗewa har da jijjiga. In ya fara mantuwa a gida, yana ɓata hanyar masallaci, ko tana maimaita tambaya, ku faɗa. Ba tonon asiri ba ne, shi ne ke sa mu canza awon allura.

Bayan aiki, ku mayar masa da tabaransa da haƙoransa da carbinsa da rediyonsa. Ku buɗe taga da rana, ku nemi a rage fitila da dare. Muna da agogon da ya fi na bango: salloli biyar. Ku ce, "Baba, azahar ta yi, ga ƙasar taimama." Wanda ya shekara saba'in ranarsa na tafiya a kan wannan tsari, shi ne igiyar da zai kama ya dawo. Dubiya alheri ce, amma mutum goma sha biyar a kan gado ɗaya, kowa na cewa "Kin gane ni?", wahala ce ga kan da ke neman tsayuwa. A shigo bibbiyu, wanda ya shigo ya faɗi sunansa da kansa. Da zarar likita ya ba da izini, a ba shi ruwa da abinci yana zaune, ba a kwance ba, kuma kada a ɗura wa mai gyangyaɗi komai. In an ce ya tashi ya taka, kada tausayi ya sa ku hana.

Ga gwajin da kowa zai iya, safe da yamma. Ku ce ya jero ranakun mako da baya: Lahadi, Asabar, Juma'a, Alhamis, har Litinin. Wanda jiya ya yi tsaf, yau ya maƙale a Juma'a, ku sanar da nas nan take, ko da yana kwance lamo. Kalmar da ta fi amfani gare mu ita ce, "Jiya ba haka yake ba." Mu ba mu san jiyansa ba, ku kuka sani.

Na san in tsoho ya fara magana da matattu, ko ya ce ga mutane a jikin bango, zuciya takan tafi wajen iska ko sammu. Ba ni da faɗa da addu'a, ni ma ina yi wa majinyatana. A yi tofi, a yi karatu a kunnensa, muryar da ya sani tana kwantar masa da hankali. Roƙona ɗaya ne, kada a sa hannu a takarda a ɗauke shi zuwa gida. Sau da yawa ƙarƙashin sambatun nan akwai ciwon huhu, ko ƙarancin iska a jini, ko sukari da ya faɗi, ko gishirin jini da ya rikice, ko miki da ya fara ruwa, kuma duk suna da magani in an kama su da wuri. Wani lokaci kuma furucin da bai dace ba yakan fito daga bakin dattijon kirki. Kada a riƙe shi da shi, kada a yi ta ba da labari a dangi. Ciwo ne ya yi magana.

Abokan aikina, akwai inda allura ta zama dole, ba na musu. Mai jijjiga, mai sandarewar tetanus, wanda ya saba da giya aka yanke masa, waɗannan dangin dayazifam ne maganinsu. Wanda kuma ke neman ji wa kansa ko wani rauni bayan an gwada lallashi, ana iya ba shi halofaridol ɗan mitsitsi, rabin miligiram ko ƙasa da haka, in ba shi da ciwon karkarwa na Fakinsan, a rubuta dalili, a sake dubawa da safe. Shi ma ba ya warkar da ruɗewa, lokaci kawai yake saya mana mu nemo sanadi. Ɗaure hannu da bandeji a jikin gado kuwa ƙara haukata mutum yake. Ku kwatanta kanku kun farka cikin duhu, ba ku san inda kuke ba, ga hannuwanku a ɗaure.

Yau in aka kira ni ƙarfe ɗaya na dare, biro yana aljihu sai na gama. Nakan kunna fitila, in durƙusa daidai fuskarsa, in yi sallama, in faɗi sunana. In ɗaga bargo in bi robar fitsari da hannu tun daga sama har leda. In danna mara. In tambayi rabonsa da bayan gida. In maƙala masa abin auna iska a yatsa, a ɗiga jini a duba sukari, in taɓa goshi, in saurari ƙirji, in buɗe miki. In ɗauki katin magani in karanta duk abin da aka ba shi tun safe. Sannan in juya ga mai jinya in ce, "Hajiya, yaya yake da la'asar?" Duka bai fi minti goma ba, daidai lokacin da allurar nan ta ɗauka kafin ta kwantar da ɗan kasuwar hatsi.

Shi kuwa, bayan wata shida 'yarsa ta kawo shi a duba ƙafa. Ya shigo da sandarsa yana takawa, fes da shi cikin farar riga. Ya amsa gaisuwata da fara'a, amma bai tuna ni ba. Na tambaye shi nawa buhun masara yanzu. Ya yi shiru, ya dubi 'yarsa. Ita ta amsa, ta ce yayanta ne ke zama a rumfar, ya sayi littafi yana rubuta bashi.